Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Waya Agogon Tebur Mai Fuskar Fina-finan Da

Manhajojin agogo masu kwaikwayon allon tsofaffin fina-finai sun cika Play Store da App Store. Sauke ɗaya ba ya wuce minti biyu, kuma ranar farko kowa ya gani sai ya yaba. Matsala sai bayan wasu makonni take ɓullowa: allon waya ya yi tabon lambobi da ba ya gogewa, batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, ko ƙararrawa ta ƙi kaɗawa da asuba. Kyan fuskar aikin wanda ya rubuta manhajar ne. Sa wayar ta yi aikin agogo dare da rana ba tare da ta lalace ba kuwa, aikinka ne, kuma kusan duka a saitin waya yake.

Fuskokin da za ka tarar

Ta farko ita ce allon lokaci na motar DeLorean a fim ɗin Back to the Future na 1985. Layi uku ne, ɗaya bisa ɗaya. Na sama ja ne, shi ke nuna lokacin da za a je. Na tsakiya kore, lokacin da ake ciki. Na ƙasa ruwan ɗorawa, lokacin da aka baro. Kowane layi yana farawa da wata cikin haruffa uku, sai rana, shekara, alamar safe ko yamma, awa, sannan minti. Tsarin Amurka ke nan, wata kafin rana, shi ya sa za ka ga OCT 21 2015, ranar da aka je a kashi na biyu na fim ɗin wanda ya fito a 1989. A yawancin manhajojin layin tsakiya ne kawai agogo na gaske. Sauran biyun ado ne, sai dai idan an ba ka damar mayar da na saman ƙararrawa.

Ta biyu agogon faifai ne, wanda lambobinsa ke rubuce a kan ƙananan faifai masu faɗowa ɗaya bayan ɗaya duk minti. Kamfanin Solari na birnin Udine a Italiya ne ya yi suna da shi, musamman samfurin Cifra 3 da Gino Valle ya zana a tsakiyar shekarun 1960, kuma daga wannan kamfani allunan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama masu ƙaras-ƙaras suka bazu. Fliqlo ita ce sananniyar manhaja a wannan salo: farin lamba a kan baƙin faifai, ba wani ƙari.

Sai kwan niksi, wanda kamfanin Burroughs ya fito da shi a 1955. Kwalbar gilashi ce mai iskar niyon, a cikinta an jera siraran wayoyin ƙarfe goma da aka lanƙwasa siffar 0 zuwa 9, ɗaya a bayan ɗaya. Wadda aka ba wuta, wajen bolt 170, ita ke yin hasken ruwan lemo. Hanyar gane manhajar da aka yi da kula ita ce ka duba ko lambobin suna da zurfi daban-daban, wata a gaba wata a can baya, da inuwar sauran wayoyin da ba su kama ba. Wadda ta ɗora lamba mai launin lemo a kan hoton kwalba kawai, aikin ganin ido ce.

Akwai kuma zoben ƙidaya na farkon faifan silima, wanda ke saukowa daga 8 zuwa 2 da hannu mai zagayawa duk daƙiƙa. Wannan ya fi dacewa da ƙidayar minti, ta girki ko ta motsa jiki. A matsayin agogon tebur motsinsa ya yi yawa, yana cin batir yana kuma ɗauke hankali.

Wace waya?

Kada ka yi wannan da wayar da kake aiki da ita kullum. Nemi wadda ke kwance a durowa. Idan Android ce, gara ta kasance 6.0 ko sama, domin Google ya daina sabunta Play services na 4.4 a 2023, na 5 kuma a 2024, kuma manhajoji da yawa ba sa hawa kansu.

Abin da ya fi sigar Android muhimmanci shi ne irin allon. Allon LCD yana da fitila guda a bayansa, tana kunne ko da hoton baƙi ne. Allon OLED, wanda Samsung ke kira AMOLED, kowane ɗigo nasa shi ke ba da haskensa, inda hoto ya yi baƙi kuwa ɗigon a kashe yake. Don ka gane naka, buɗe hoto baƙi ƙirin a ɗaki mai duhu ka ƙure haske. Idan allon ya yi toka-toka yana walƙiya ta gefe, LCD ne. Idan ya ɓace kamar wayar a kashe take, OLED ne. A iPhone abin a fili yake: 8, XR, 11 da duk SE masu LCD ne, X, XS, 11 Pro da 12 zuwa sama masu OLED ne.

OLED ya fi kyau nesa ba kusa ba, domin jajayen lambobi a kan baƙi na gaske su suka fi kama da allon fim ɗin. Amma LCD ya fi jure zama a kunne wata da watanni. Idan kana da zaɓi kuma agogon zai kwana a kunne kullum, ɗauki LCD ka haƙura da ɗan hasken toka da dare.

Kafin komai, kwantar da wayar a kan tebur mai santsi ka danna kusurwoyinta. Idan tana rawa, ko ka ga allo ya fara rabuwa da jiki, batir ya riga ya kumbura. Wannan wayar ba ta shiga caji sai an canja mata batir.

Zaɓen manhaja

Sunayen waɗannan manhajoji suna yawan canjawa. Masu amfani da suna ko tambarin fim ba tare da izini ba akan cire su daga shago, sai wata ta ɓullo da wani suna. Saboda haka bincika da kalmomin da ke bayyana salon, kamar time circuits clock, flip clock ko nixie clock, sannan ka auna abin da ka samu da waɗannan tambayoyi.

Shin manhajar da kanta tana hana allo mutuwa? Wannan shi ne na farko, za ka ga dalili idan an zo maganar batir. Tana cika allo duka, ta ɓoye layin sama mai nuna siginal da maɓallan ƙasa? Tana da nata ma'aunin haske, wanda zai iya sauka ƙasa da na waya? Tana ɗan matsar da lambobi lokaci-lokaci? Ana iya kashe sautinta? Allon DeLorean yana da ɗigo biyu masu ƙyaftawa duk daƙiƙa, wasu manhajojin har da ƙaramin sauti suke haɗawa, abin da ke da daɗi minti biyar na farko, ya zama azaba da ƙarfe biyun dare.

Sannan duba izinin da take nema. Agogo ba shi da hulɗa da lambobin mutanenka, saƙonninka, kyamara ko makirfon. Izinin wuri yana da hujja ne kawai idan tana nuna yanayin gari. Duk wadda ta nemi shiga sashen Accessibility, ko ta ce ka ba ta ikon mai kula da waya, goge ta nan take. Haka ma fayil ɗin APK da aka turo a WhatsApp ko Telegram da sunan "cikakkiya kyauta": ta irin wannan hanyar akan cusa manhajar leƙen asiri. Masu talla kuma suna da illa biyu. Tallan da ke zaune wuri guda a ƙasan allo shi ne farkon abin da zai bar tabo, kuma saukar da shi yana cin data da batir. Yanayin jirgin sama yana kashe yawancinsu, ko ka biya kuɗin cire talla idan manhajar ta yi maka.

Hana allo mutuwa

A Android hanya uku ce. Mafi sauƙi ita ce saitin cikin manhajar, wanda galibi ake rubuta shi Keep screen on. Ta biyu ita ce Screen saver, da ke ƙarƙashin Settings, sannan Display. Tun Android 4.2 ake da shi, a da sunansa Daydream. Idan manhajar ta yi rajistar kanta a nan, za ka ga sunanta a jerin. Zaɓe ta, ka sa ta fara lokacin caji. Lura cewa ba ya tashi idan ka danna maɓallin kashe allo da hannunka. Sai ka bar allon ya kai lokacin mutuwarsa da kansa. Mutane da yawa a nan suke zaton abin ya lalace.

Ta uku ita ce Stay awake. Shiga About phone, ka taɓa Build number sau bakwai, sai sashen Developer options ya bayyana. A ciki kunna Stay awake, ka fito, kada ka taɓa sauran abubuwan da ke wurin. Wannan ma da caji kawai yake aiki. Abin lura kuma, wasu manhajojin banki ba sa buɗewa idan wannan sashen yana kunne, wanda ƙarin dalili ne na amfani da wayar da ba ta aikin kuɗi.

A iPhone shiga Display & Brightness ka sa Auto-Lock a kan Never. Idan ya ƙi taɓuwa, Low Power Mode ne a kunne, shi ke tilasta daƙiƙa 30. Daga iOS 17 na 2023 akwai StandBy, wanda ke tashi idan waya tana caji kuma an jingine ta a kwance ta gefe. Yana karɓar wijet ɗin wasu manhajoji, wato ƙananan allunansu da ake ɗorawa a fuskar waya, yana kuma komawa ja da kansa idan ɗaki ya yi duhu. Sai dai ba ya zama a kunne dindindin sai a wayoyi masu allon da ba ya mutuwa, irin 14 Pro da 15 Pro. A sauran yakan mutu bayan ɗan lokaci sai an taɓa.

Idan akwai yara a gida, kulle wayar a kan agogon. A Android sunansa App pinning, yana cikin saitin tsaro. A iPhone Guided Access ne, cikin Accessibility, ana kunna shi da danna maɓallin gefe sau uku, ko maɓallin Home a wayoyin da ke da shi.

Tabon allo

Ɗigon OLED yana tsufa gwargwadon hasken da ya bayar. Wanda ya kwana ya wuni yana haske zai dushe fiye da maƙwabcinsa da ke a kashe, kuma idan ka buɗe farin shafi daga baya za ka ga inuwar lambobin. Wannan ba ya gyaruwa. Manhajojin da ke cewa suna goge tabo, abin da suke yi shi ne tsufar da sauran ɗigon don su zo daidai da waɗanda suka dushe. Shuɗin ɗigo ne ya fi saurin tsufa, farin launi kuwa yana kunna shuɗi da ja da kore gaba ɗaya, don haka farin agogon faifai ya fi ja ko ruwan lemo cutar da allo.

Allon DeLorean yana da haɗari na musamman. Lambar minti tana canjawa kullum, amma layin sama da na ƙasa, da rubutun da ke ƙarƙashin kowane layi, da shekara, duk suna nan daram. Idan ka bar OCT 21 2015 a wuri guda wata uku a kan OLED da haske mai ƙarfi, ka yi wa allon zane na dindindin. Maganin kuwa ba shi da wuya. Rage haske zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari da rana, ƙasa da haka da dare. Kashe hasken da ke daidaita kansa idan wayar tana kusa da taga, domin rana na bugunta zai ƙure. Kunna matsar da lambobi idan akwai. Juya wayar duk mako, gefen caja ya koma ɗaya hannun, sai hoton ya sauka a kan wasu ɗigon daban. Kuma kashe allon a sa'o'in da ba kowa a ɗakin. Duk wata buɗe hoto mai launin toka zalla ka duba, domin a kan toka inuwa take fara bayyana kafin a gan ta a fari.

LCD ma yakan riƙe inuwa, amma tasa ta ɗan lokaci ce. Kashe allon wasu sa'o'i ta tafi.

Batir, inda aka fi yin ɓarna

Batirin litiyam yana ƙin abu biyu: zama a cike ƙal na dogon lokaci, da zafi. Agogon tebur yana haɗa masa duka biyun, ga caja a maƙale dare da rana, ga allo a kunne yana ɗumama shi. Sakamakon shi ne iskar da ke taruwa a cikinsa har ya kumbura. Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa tsakanin digiri 0 da 35, ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu kuwa yakan wuce haka tun kafin a kunna komai. Saboda haka cire rigar wayar, kada ka ajiye ta inda rana ke shigowa ko a kan talabijin da dikoda, kuma kada ka yi amfani da cajar da ake ɗora waya a kanta ba tare da igiya ba, domin ta fi ɗumama. Tsohuwar caja mai wat 5 ta fi mai saurin caji dacewa da wannan aiki.

Idan wayar tana da iyakar caji, kunna ta. Samsung yana da Protect battery mai tsayawa a kashi 85, a sababbin sigogi kuma Battery protection mai tsayawa a 80. iPhone 15 zuwa sama yana da iyakar 80 a saitin batir, Pixel ma ya samu irinta da Android 15. Tsofaffin wayoyi, waɗanda su ne aka fi mayarwa agogo, galibi ba su da ita. A nan soket mai ƙidayar lokaci yake shigowa.

Ga yadda ake saita shi. Yi caji zuwa 80, cire caja, bar agogon yana aiki awa uku da hasken da za ka riƙa amfani da shi, ka ga nawa ya sauka. A ce ya sauka 18, wato 6 duk awa. Daga 80 zuwa 40 zai ɗauki awa shida da minti 40 ke nan. Soket mai juyawa yawanci yana da haƙora 96, kowanne minti 15. Danna haƙora shida a jere, awa ɗaya da rabi, a wurare uku da ke da tazarar awa takwas. Duba kwana biyu. Idan batir yana hawa har 100, ɗaga haƙori ɗaya a kowane wuri. Idan yana gangarowa ƙasa da 30, ƙara ɗaya.

Tarko biyu ne a nan. Na farko, Screen saver da Stay awake da StandBy duk da caji suke aiki, don haka da zarar soket ya yanke wuta allo zai mutu. Dole manhajar ta kasance mai hana allo mutuwa da kanta. Na biyu, soket mai juyawa da wutar gida yake tafiya. Aka ɗauke wuta awa huɗu, shi ma ya tsaya awa huɗu, jadawalinka ya goce. Inda wuta ba ta da tabbas, nemi na dijital mai ƙaramin batir a ciki, ko ka haƙura da soket ɗin, ɗaukewar wutar ma tana hutar da batir.

Cin wutarsa ba abin damuwa ba ne. Idan aka ƙaddara wat 1, awa 24 ya zama wat-awa 24, wata guda bai kai yunit ɗaya na mita ba. Batir mai 5000 mAh yana ɗauke da wajen wat-awa 19 yana sabo, wanda ke nufin agogon zai iya kwana ba wuta ko da batirin ya ɗan tsufa.

Daidaiton lokaci

Manhajar ba ta da agogon kanta, na waya take karantawa. Waya mai layi tana karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa. Wadda ba layi tana karɓa ta intanet idan an haɗa ta da Wi-Fi. Wadda ba ta da ko ɗaya tana dogara da ƙaramin dutsen kwaz da ke cikinta, shi kuma yana gocewa. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba baƙon abu ba ne, yana ba da daƙiƙa 1.7 a rana, kusan minti guda a wata. Haɗa ta da intanet na minti biyu duk mako ya isa.

Idan ka ga minti daidai amma awa ta goce da ɗaya cif, yankin lokaci ne. Waya marar layi ba lallai ta san inda take ba. Kashe zaɓin yanki na kai tsaye ka sa da hannu: Legas ko Yamai ga Najeriya da Nijar, wato GMT+1, Akara ga Gana. Kada ka zaɓi Landan ko Faris don kawai awar ta zo daidai yau, domin su suna canja agogo a Maris da Oktoba. Sannan a tsarin awa 12, 12:00 AM tsakar dare ne, 12:00 PM tsakar rana. Masu saita layin ja a matsayin ƙararrawa suna yawan faɗawa wannan rami.

Ƙararrawa

Shawara a taƙaice: bar wa manhajar ado ta nuna lokaci, ka saita ƙararrawa a agogon da waya ta zo da shi. Zai kaɗa ko da fuskar fim ɗin tana kan allo.

Dalili shi ne tun Android 6.0 akwai tsarin Doze, wanda ke jinkirta ayyukan manhajoji idan waya ta daɗe a ajiye ba caji. Android 12 ya ƙara izini na musamman, Alarms & reminders, kuma a Android 14 yawancin sababbin manhajoji suna zuwa da shi a kashe. Android 13 ya sa sanarwa ma sai an nemi izini. Idan ka nace sai ƙararrawar manhajar, kunna waɗannan biyun, ka sa batirinta a kan Unrestricted. A Tecno, Infinix da itel shiga Phone Master ka ba ta damar tashi da kanta, sannan ka kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe, domin waɗannan wayoyi suna da zafin hannu wajen kashe abin da ke aiki a baya. Duba ƙarar ma: ƙararrawa tana da nata ma'auni daban da na kiɗa, kuma manhajar da aka yi da gaggawa takan fitar da sautinta ta ma'aunin kiɗa, wanda wataƙila ka rage shi da dare. A iPhone, kafin iOS 26 manhajojin waje sanarwa kawai suke iya turowa, sautinta bai wuce daƙiƙa 30 ba, kuma maɓallin shiru yana haɗiye shi.

Gwaji na gaskiya shi ne ka saita ta awa biyu gaba, ka cire caja, ka kashe allo, ka bar wayar ba motsi. Gwajin minti ɗaya ba ya nuna komai, domin Doze bai kama ba tukuna.

Haɗa naka da KWGT

Wanda bai samu manhajar da ta yi masa ba zai iya gina allon layi uku da kansa a Android, ba talla a kansa, kuma layukan duka su yi aiki. Ana bukatar KWGT, manhajar gina wijet ta Kustom, daga Play Store, da salon rubutu na DSEG, wanda wani ɗan Japan mai laƙabin keshikan ya yi ya kuma bayar kyauta. Iri biyu ne: DSEG7 mai sanduna bakwai na lambobi, da DSEG14 mai sanduna sha huɗu wanda ke iya rubuta haruffa. Fara da DSEG14 Classic Bold shi kaɗai, jerawa ta fi sauƙi. Warware fayil ɗin, ka kwafe wanda sunansa ya ƙare da .ttf zuwa jakar fonts da ke cikin jakar Kustom.

Danna fuskar waya ka riƙe, zaɓi wijet na KWGT mai girman 4x2 ko sama, taɓa shi, ka buɗe sabon aiki. Ƙara Stack Group mai jerawa daga sama zuwa ƙasa. A cikinsa sa Overlap Group, a cikin wannan kuma abu uku: Shape mai kusurwa huɗu launin toka mai duhu, da Text guda biyu.

Text na farko shi ne inuwar sandunan da ba su kama ba, kuma shi ne sirrin kamannin. A DSEG14 alamar ~ tana kunna sanduna duka. Rubuta ~~~ ~~ ~~~~ ~~:~~, ka ba shi launin layin, ka rage ƙarfinsa zuwa wajen kashi 10. Text na biyu shi ne lokacin, da girma iri ɗaya da wuri iri ɗaya:

$tc(up, df(MMM))$ $df("dd yyyy hh:mm")$

Ɓangaren farko yana mayar da sunan wata manyan haruffa, na biyu yana ba da rana, shekara, awa da minti. Ba shi kore, misali #39FF5A, ka shiga FX ka sa masa inuwa mai launinsa don ya yi kamar yana haske. Kwafi rukunin sau biyu, na sama ja #FF2A1F, na ƙasa ruwan ɗorawa #FFB000.

Ana iya kafe rana a layin sama ta hanyar ƙara ta bayan waƙafi cikin df, da tsari irin 1955y11M12d22h04m00s. Wannan shi ne misalin da bayanin Kustom kansa ya bayar, kuma lokacin da tsawa ta faɗa wa hasumiyar agogo ne a fim ɗin. Amma ya fi amfani ka sa si(alarmd) a wurin, sai layin ja ya nuna ƙararrawarka ta gaba. A layin ƙasa sa bi(plugged), wanda ke ba da lokacin ƙarshe da aka sa caja ko aka cire. Idan wayar tana maƙale a soket, wannan layin zai gaya maka ƙarfe nawa aka ɗauke wuta ko aka kawo ta. Da haka layukan suna canjawa, tabo ya ragu.

Idan lambobi suka ƙi hawa kan inuwarsu, tazara ce ta bambanta. A DSEG faɗin tazara daidai yake da na ɗigo biyu, siriri ne. Mai son gurbi mai faɗin lamba guda sai ya sa alamar motsin rai (!) a rubutun biyu duka. Idan harshen wayar Hausa ne, watanni za su fito Okt, Nuw, Dis, haruffa uku-uku, sun zauna daidai. Amma DSEG ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, don haka rubutun ƙarƙashin layuka, irin su LOKACIN YANZU ko ƘARARRAWA, yi shi da salon rubutu na yau da kullum. Kada ka sa daƙiƙa ko ɗigo mai ƙyaftawa, domin wijet ba a yi shi don sabuntawa duk daƙiƙa ba, zai riƙa tsalle yana shan batir; mai son motsi ya yi aikin a KLWP, 'yar'uwar KWGT da ke yin bangon waya mai rai. Wijet kuma ba ya hana allo mutuwa, sai an haɗa shi da Stay awake. Idan ka ga minti ya tsaya sai ka taɓa allo, tsarin tattalin batir ne ya kashe KWGT a baya, sai ka ba shi 'yancin da aka bayyana a sashen ƙararrawa.